Minti Bakwai a Bakin Ƙofa

Talata, 4 ga wata, 4:40 na yamma

Zan rubuta abin da na sani daidai, tun kafin kaina ya fara ƙara gishiri.

Na shiga aji biyu ƙarfe 10:05. Ɗalibai arba'in da ɗaya, kowa ya zo. Darasin Turanci, mako na biyu a kan bayanau, abin da littafinsu ke kira adverb. Na rubuta tambayoyi huɗu a allo kamar makon jiya: yaya, yaushe, ina, sau nawa. Na sake gaya musu cewa duk kalmar da ta amsa ɗaya daga cikin huɗun nan game da aikin da aka yi, su cafke ta, ita ce.

Sai na fito da katunan. Guda ashirin ne, ni na yanka su daga kwalin sabulu ranar Lahadi, kowanne da kalma ɗaya. Ɗalibi zai zari kati, ba zai nuna wa kowa ba, zai je ya taɓa bangon baya ya dawo yadda katin ya ce, sauran su canki kalmar. Wadda ta zari slowly ta yi tafiya kamar mai tsohon ciki. Wanda ya zari proudly ya ɗaga hanci sama har ya kusa karo da benci. Wata biyu da mako ɗaya ina aikin nan, ajin bai taɓa dariya tare da ni ba, sai dai a kaina. Yau ya yi.

Kati shida aka yi kafin 10:19.

Ƙarfe 10:26 gilashin tagar baya ya fashe.

Monita ce. Haka kowa ke kiranta, don ita ke riƙe da aji idan babu malami a ciki. Na tsinci katin quickly a ƙasa kusa da takalminta. Igiyar jakar wani ce ta harɗe mata ƙafa, ta kai hannu za ta dafa bango, ta dafa taga. Hannun dama. Malamin Lissafi ya kai mu asibiti a motarsa. Ɗinki tara. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce a jira a gani.

Ban yi kuka ba. Ina so a san wannan.

Talata, 6:50 na yamma

Gwaggo ta dawo ta same ni a bakin famfo. Yayar babana ce, ita ce shugabar sashen Turanci, ita ta kai takarduna na neman aiki ofis da hannunta, kuma a ɗakin bayan gidanta nake kwana. A makaranta Jan Biro suke ce mata a bayan ido. Ni ba ni da sunan da nake kiranta a bayan ido, don gidan nan ba shi da bayan ido.

Ta leƙa bokitin da rigata ke ciki ta ce, "Da ruwan zafi kika jiƙa? To kin dafa jinin ke nan. Digiri guda, amma ba a san wannan ba."

Iyakar abin da ta ce game da yau ke nan.

Laraba, 5 ga wata, 1:30 na rana

Shugaban makaranta ya aiko an karɓi littafin shirin darasina. Dokar makarantar nan ita ce duk Litinin da safe kowane malami ya kai littafinsa wurin shugabar sashe, ta karanta, ta sa hannu. Abin da babu jan biro a ƙarƙashinsa ba a koyar da shi.

Ban damu ba. Wasan katin yana shafi na 23, da jerin kalmomi ashirin ɗin. A ƙasa akwai sa hannu, da kwanan wata, da wata kalma guda da ba zan rubuta a nan ba. Na san lambar shafin domin tun ina firamare nake sa wa littattafaina lamba da fensir a kusurwar ƙasa. Ana yi mini dariya a kan haka. A yi ta yi.

Wata ukuna na gwaji zai cika ran 28. Ranar ce za a ba ni takardar tabbatarwa, ko a ce in kama gabana. Saura kwana ashirin da uku.

Alhamis, 6 ga wata, 12:10 na rana

An toshe tagar da kwali. Aji biyu sun yi mini shiru irin na gidan makoki. Na ci gaba da darasi, don jadawali bai san an zubar da jini ba. Yau bayanau na wuri. Na ce a ba ni jimla. Ko hannu ɗaya babu a sama. Can sai ƙawar Monita, wadda suke benci ɗaya, ta miƙe ba tare da na kira ta ba, ta dube ni tsakiyar ido ta ce, "The teacher went outside."

Wani ya yi tarin ƙarya a baya.

Na ce, "Ina bayanau a ciki?"

Ta ce, "Outside, Malama. Waje. Yana amsa tambayar ina."

Amsar daidai ce. Na rubuta jimlar a allo da hannuna, na ja layi ƙarƙashin kalmar. To me zan yi? 'Yar shekara goma sha uku, baki kamar reza. Mako biyu ina fama da su su gane abin nan, sai yau suka ga dama.

Juma'a, 7 ga wata, 6:05 na safe

Na farka da ƙarar gilashi. Ashe cokali ne ya suɓuce wa Gwaggo a kicin.

Juma'a, 2:20 na rana

Shugaba ya kira ni ofis. "Malama ƙarama, zauna, zauna. Ba wani abu ba ne, tsari ne kawai."

Ya turo mini rahoto rabin shafi, an buga shi da Turanci, an bar layi a ƙasa don sunana. Na karanta sau uku. Yarinya gaskiya ce, gudu gaskiya ne, taga gaskiya ce. Ƙaryar tana cikin ƙananan kalmomin da aka dasa a tsakani. Repeatedly: wai na yi ta hana su. Carelessly: wai da ganganci ta ruga. Immediately: wai nan take na isa kanta. Sai kuma inda aka tsayar da ni, wai a gaban allo. Wasan kati ko sau ɗaya ba a ambace shi ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ja musu layi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya rubuta?"

"Sashenku mana."

"In na sa hannu, me zai same ta?"

"Me zai same ta kuwa? A sauke ta daga monita, a sa takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Ke kuma ran 28 ki zo ki karɓi takardarki. Uban nata ne ya hana mu sakat. Kafinta ne, jiya har da abin awo ya zo yana auna mana taga kamar mun ba shi aiki. Ran 20 za mu zauna da shi. Kafin mu tashi daga zaman nan ina so in ga sunanki a kan layin."

Na ce zan yi tunani.

Ya ce, "Yi abinki. Amma kada tunanin ya kwana ran 20."

Yana magana yana ɓare lemo a kan fayil ɗin wani. Na tsani yatsunsa.

Asabar, 8 ga wata, 3:00 na rana

Wanki, guga. Tabon bai fita ba. Na cusa rigar bayan ƙofar banɗaki, ba na son ganinta.

Lahadi, 9 ga wata, 5:25 na yamma

Mama ta kira. An riga an gaya mata, kuma ba sai na tambayi wa ya gaya mata ba.

"Ke dai tun kina ƙarama haka kike, sai an ce miki sha biyu ta yi ki ce saura minti ɗaya. Gwaggonki ce fa. Abin da ta ce ki yi, ki yi. Kin san mutum nawa ke yawo da takardu a hannu suna neman rabin abin da kika samu?"

Na ce, "Mama, kin tambayi hannun yarinyar?"

Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ni 'yata nake tambaya."

Minti huɗu da daƙiƙa goma muka yi. Ni na kashe.

Litinin, 10 ga wata, 9:00 na safe

An dawo mini da littafina. Na buɗe a tsaye a bakin ofis.

22, sai 25.

Na ƙirga daga farko, na ƙirga daga ƙarshe. Takardar da ke ɗauke da 23 da 24 babu ita. Ba yaga aka yi ba, da an ga haƙora. An ɗora rula ne aka ja, yanka ɗaya, tsaf. Amma wadda ta yi ta manta cewa littafin ɗinki ne a tsakiya, kowace takarda da 'yar'uwarta a ɗaya ɓangaren. Da na girgiza, farar takarda ta faɗo daga can baya, don ba abin da ke riƙe ta kuma.

Na rubuta "wadda". Ban goge ba.

Talata, 11 ga wata, 11:15 na safe

Ɗakin malamai. Ina shiga hira ta mutu, sai ƙarar cokali a kofi. Malamin Lissafi kaɗai ya jawo kujera kusa da ni. Shi ya laƙaba mini Agogo tun makon farko, don na ce masa taro ya wuce lokacinsa da minti goma sha shida.

"Agogo, ƙarfe nawa a garinku?"

Na ajiye littafina a kan tebur.

Ya rage murya. "Ki sa hannu ki huta. Duk wanda kika gani a ɗakin nan ya taɓa sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ni na taɓa shaida cewa an yi feshin sauro a makarantar nan, alhali sauron da kansa yana kan takardar yana karantawa."

Na ce, "Kai ka ɗauke ta a motarka. Ka ga hannun."

"Na gani. Har yanzu kujerar baya ba ta wanku ba. Shi ya sa nake gaya miki. Hannun ba zai warke don kin rasa aiki ba."

Ya fi kowa kirki a wurin nan, kuma yau shi na fi jin haushi.

Laraba, 12 ga wata, 10:19 na safe

An buga ƙofa sau uku, da gindin biro. Ba yau ba. Waccan Talatar.

Alhamis, 13 ga wata, 7:10 na yamma

Kwana tara muna cin abinci a tebur ɗaya kamar fasinjojin da ba su san juna ba. Yau na kasa. Tana yanka albasa, ina wanke kwanuka, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya.

Na ce, "Gwaggo, shafi na 23."

"Na me?"

"Na littafina."

"Ikon Allah. Farfesa, littafinki ne. Haɗiye shi na yi?"

"Da rula aka yanka."

Wuƙar ta tsaya. Sai ta ci gaba, a hankali fiye da da.

"Bari in gaya miki, 'yar nan. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli. Saura wata goma sha huɗu in ajiye shi da mutuncina, ko takardar tuhuma ɗaya babu a fayil ɗina. Ke wata nawa? Biyu da rabi, har kin zubar da jinin 'yar mutane da kwalin sabulu. An shimfiɗa miki hanya ki bi ki wuce, kin tsaya kina ƙirga shafi."

"A kan yarinyar za a ɗora."

"Yarinyar takarda ɗaya za a sa mata, nan da shekara biyu ba mai tunawa. Monita sarauta ce? Gado ce?"

"Kin san ba a gaban allo nake ba."

Ta juyo da wuƙar a hannu, ba don komai ba, ta manta ne tana riƙe da ita. Idonta ya yi ja, amma albasa ce.

"Na san ubanki ma haka yake. Gaskiya, gaskiya, gaskiya, har ya mutu ba shi da ko kujerar kansa. Ki zuba wa tukunyar nan ruwa."

Na zuba. Ni da na ce zan yi magana, na zuba wa tukunya ruwa.

Juma'a, 14 ga wata, 6:30 na safe

Ba na son kowa. Na rubuta don in ga yadda yake a takarda. Daidai yake.

Asabar, 15 ga wata, 5:40 na yamma

Na je gidan su Monita. Ban gaya wa kowa ba. Ɗaki biyu ne a bayan shagon babanta, ko'ina ƙurar katako, har kan tabarmar da aka shimfiɗa mini. Shi ba ya nan. Na kai lemo shida.

Uwar ta karɓi ledar ba ta duba ciki ba, ta ajiye a kan taga.

"Malama ce da kanta. Ko takardar kika kawo mu ma mu sa hannu? Sai dai ban san da wane hannun za ta sa ba."

Ashe labarin rahoton ya riga ni zuwa.

Yarinyar na zaune a ƙasa, hannun dama a naɗe a kan matashi, tana koyon rubutu da hagu a bayan tsohuwar kalanda. Haruffan kamar sawun kaza. Na leƙa. Jerin kalmomin katunan ne take rubutawa daga ka, ta kai goma sha ɗaya. Ta rubuta angrily daidai, wanda rabin ajin ba sa iyawa da hannun dama.

Na ce, "Yaya hannun?"

"Da sauƙi, Malama."

"Yana ciwo?"

"In na manta na motsa."

Uwar tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Sai yarinyar ta ce, ba ta ɗago ba, "Malama, ni na zari katin da kaina, ba wanda ya sa ni. Amma ba ki hana mu ba. Cewa kika yi, Monita, ku ci gaba, ina zuwa."

Na ce, "Haka na ce."

Wannan ne karo na farko da na faɗa da baki. A littafin nan ma ban taɓa rubutawa ba. Na koma na duba, shafi tara, babu.

Uwar ta ce, "To alhamdulillahi, kunnenki ƙalau. Sai mu ga bakinki ran Alhamis."

Minti goma sha takwas na yi a gidan. Ba a ba ni ruwa ba, kuma ban cancanta ba.

Lahadi, 16 ga wata, 2:00 na rana

Amma kuma ita ba ta da ido ne? Jaka a ƙasa, ƙatuwa, ja. An ce quickly, ba a ce ki tashi sama ba. Yara arba'in da ɗaya, sai ita, sai ranar, sai cikin minti bakwai ɗin.

Na karanta abin da na rubuta. Haka rahoton Shugaba yake, sai dai nasa an buga shi da inji.

Litinin, 17 ga wata, 7:50 na safe

Na kai littafi a sa hannu, kamar kowa. Na bi layi bayan malamai huɗu. Da na iso Gwaggo ta ce, "Malama, ajiye," kamar yau ta fara ganina. Ta karanta kowane layi. Ta zagaye waƙafi biyu. Ta sa hannu. Rular tana nan kusa da gwiwar hannunta, ta ƙarfe, mai tsawon taku ɗaya.

Talata, 18 ga wata, 4:15 na yamma

Na yi wa aji biyu gwaji a kan bayanau. Tambaya ashirin. Mutum arba'in suka rubuta, talatin da huɗu sun haura goma sha biyar. A gwajin da ya gabata mutum tara ne suka haura goma. Ba su manta ko kalma ɗaya da ke kan katunan ba. Wato wasan ya yi aiki. Wa zan gaya wa?

Ƙawar Monita ta ci ashirin cif. A ƙasan takardarta ta rubuta da fensir, ƙanana: yaya, yaushe, ina. Ban sani ba ko tunatar da kanta take yi, ko ni.

Laraba, 19 ga wata, 6:20 na yamma

Na gwada sa hannuna sau goma sha huɗu a bayan ambulan. Yana fita da kyau. Ba ya rawa.

Abin da zan samu: takarda ran 28, ɗakin nan, Mama ta yi barci. Abin da za ta rasa: monita, da fayil mai tsabta. In aka auna, nawa ya fi nauyi. Na auna sau da yawa, kullum nawa ya fi.

Abin da aka faɗa mini a bakin ƙofa cikin minti bakwai ɗin nan bai shafi makaranta ba. Ko kusa. Ba zan rubuta shi ba, ko a nan. Na tsaya ina ji, kaina a ƙasa, hannuna a baya kamar 'yar aji ɗaya, ina jin dariyarsu ta cikin ƙofa, kuma ban ce "ina da aji" ba. Kalma uku. Ban faɗa ba.

An goge mini takalmi an ajiye a bakin ɗaki. Ban san me ake nufi da hakan ba.

Alhamis, 20 ga wata, 3:35 na rana

Zan bi shi daki-daki.

Ƙarfe 12:00 a ofishin Shugaba. Mu huɗu: shi, Gwaggo a matsayin shugabar sashe, baban Monita, ni. Kafintan dogo ne, fensir a bayan kunne, bai zauna ba sai da aka ce masa sau biyu. Rahoton yana gabana, biro a kai. Na ɗauki biron. Ina so a san wannan ma: na ɗauka, na cire murfin.

Shugaba ya fara karantawa da Turanci yana fassarawa. Bai kai rabi ba kafintan ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko mai nisa ba. A bar takardar nan ta huta. Tambaya ce da ni, ga mai amsawa a zaune." Ya juyo gare ni. "Malama, lokacin da 'yata ta faɗi, kina ina?"

Fanka tana juyawa. Gwaggo tana kallon kalandar bango.

Na ce, "Ina waje. Daga 10:19 zuwa 10:26."

Shugaba ya ce, "Malama ƙarama..."

Kafintan bai ko kalle shi ba. "Kin hana su gudu?"

"A'a. Wasa ne na darasi, ni na kawo shi. Da zan fita na ce su ci gaba."

"Sau nawa kika gargaɗe ta?"

"Ko sau ɗaya."

"Me ya fitar da ke?"

"An buga ƙofa."

"Wa ya buga?"

Ban ƙirga daƙiƙun ba. Karo na farko a rayuwata ban ƙirga ba. Na mayar wa biron murfinsa na ce, "Shugabar sashe."

Ban ce Gwaggo ba. Bakina bai iya ba.

Kafintan ya gyaɗa kai. "Tun ranar na sani. Yara arba'in da ɗaya suna da ido, kuma kowannensu yana da uwa mai kunne. So nake in ga ko akwai babba ɗaya a makarantar nan da zai faɗa. Ni ba rigima na zo yi ba. Kada a rubuta wa 'yata abin da ba ta yi ba, shi ke nan. Tagar kuma ku canza sauran ukun, duk sun saki, na auna."

Sai Gwaggo ta yi magana, muryarta lafiya lau, irin ta taron malamai.

"Na kira ta, haka ne. Amma wasan nan ba ya cikin abin da na sa wa hannu. A duba littafinta."

Shugaba ya duba. Ya juya, ya juya. Babu. Na ce akwai shafin da aka cire, ga lambobin. Ya kalli fensirin da ke kusurwa ya ce, "Wannan ai ke kika rubuta, ko yau da safe za ki iya rubutawa."

Ƙarfe 12:40 aka tashi. An yaga rahoton, fayil ɗin yarinyar ba za a taɓa shi ba, tana nan a monita. Shugabar sashe za ta amsa tuhuma a rubuce kan fitar da malama daga aji, takarda ta farko a shekara talatin da ɗaya. Ni kuma na koyar da abin da ba a amince da shi ba, na bar aji ba malami. Shugaba ya ce ba sai na wahalar da kaina na jira 28 ba, in miƙa rajista gobe.

A bakin ƙofa kafintan ya ce mini, "Allah ya ba ki wani aikin." Bai ce na gode ba. Gara haka.

Juma'a, 21 ga wata, 1:05 na rana

Na miƙa rajista, alli, makullin kabad. Malamin Lissafi ya ce, "Agogo, yanzu wa zai riƙa gaya mana mun makara?" Bai yi dariya ba, ni ma haka.

Aji biyu ban shiga ba. Na wuce ta gefen taga, an sa sabon gilashi.

Juma'a, 6:45 na yamma

A gida Gwaggo da bango take magana. "A gaya wa mai gaskiya akwai abinci a tukunya." "A gaya wa mai gaskiya ta kashe fitila." Mu biyu ne kaɗai a gidan.

Mama ta kira sau biyar. Ban ɗauka ba. Na kira Yaya, babbar 'yar Mama, ta ce in zo, akwai katifa a falo, amma in sani yaranta ba sa barin mutum ya yi tunani. Na ce abin da nake nema ke nan.

Asabar, 22 ga wata, 5:50 na yamma

Gidan Yaya. Da zan fito da safe Gwaggo tana ɗakinta, ƙofa a rufe, rediyo a kunne. Na yi sallama sau biyu. Rediyon ya ƙara ƙara.

Yanzu nake kwance jaka. A can ƙasa, ƙarƙashin littattafai, ga rigar nan ta ranar Talata, wadda na cusa bayan ƙofar banɗaki. Ba ni na sa ta ba. An wanke ta, tabon ya fita tas, ban san da me ba. An goge, an ninke irin ninkin da mutum ɗaya kaɗai na sani yana yi, hannuwa a ciki.

A tsakiyar ninkin akwai takarda. Gefenta ɗaya a yanke tsaf. 23 a kusurwa, da fensirina. Kalmomi ashirin. A ƙasa jan biro: sa hannu, Litinin 3 ga wata, da kalmar.

Madalla.

Wata biyu da rabi tana duba littafina, ita ce kalma ɗaya tilo da ta taɓa rubuta mini wadda ba gyara ba. Har na fara zaton mafarkinta na yi.

Babu wasiƙa. Babu komai.

Lahadi, 23 ga wata, 11:30 na safe

In na kai wa Shugaba takardar nan, rabin laifina ya faɗi. Wataƙila a mayar da ni, ban sani ba. Ita kuwa ba tuhuma za ta amsa ba. Cire shafi, da ƙarya a gaban uban yarinya: wata goma sha huɗun nan ba za ta ƙarasa su ba. Ta san haka sarai lokacin da take ninke rigar.

To haƙuri take ba ni, ko cewa take in kin isa ki yi? Da Gwaggo ba a sani. Ita kanta ina jin ba ta sani ba.

Yaya ta ce, "Kai musu mana! Ni da ni ce, da tasi zan ɗauka." Na ce ba ke ba ce.

Litinin, 24 ga wata, 6:40 na safe

Ofis yana buɗewa 7:30. Daga nan zuwa can minti arba'in ne in an samu mota da wuri. Na yi wanka. Na sa rigar. Takardar tana cikin ambulan.

Takardar ta ce an yarda in yi wasan. Ba ta ce an yarda in fita ba. Ita ta buga ƙofa, amma ni na buɗe, ni na ce ku ci gaba, ni na tsaya minti bakwai hannu a baya. Wannan babu shafin da zai ɗauke mini shi.

6:55 na safe

Na karɓi gam a wurin ɗiyar Yaya. Na manna shafin a wurinsa cikin littafin shirin darasina, tsakanin 22 da 25. Ya ɗan karkace. Na bar shi haka.

Ba yafewa na yi ba. Kada wani ya tsinci littafin nan wata rana ya ce na yafe.

7:31 na safe

An buɗe ofis. Yau Litinin, suna kan layi da littattafansu, tana zagaye waƙafi.

Ina nan zaune. Na cire takalmin.